Kasala, Gajiyawa da Kalmar "Sai Gobe"

  

Ƴan'uwa masu sauraro, koken da ya fi yawa cikin tambayoyin da ke iso mana, daga nan Bobiel da sauran unguwannin Yamai, shi ne na mutumin da ya shiga azumi da niyyar sauke Alƙur'ani da tsare jam'i da biyan bashin da ke kansa, sai ga goman farko ta shuɗe bai kai izu 5 ba, jiki ya mutu, kowane aiki yana ture shi zuwa gobe. Yana son ya sani, shin imaninsa ne ya yi rauni, ko kuwa wani abu ne dabam?

Kafin a ba da magani sai an san ciwo. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yawan neman tsari daga abubuwa biyu da ya haɗa wuri ɗaya: gajiyawa da kasala. Malamai suka bayyana cewa gajiyawa ita ce mutum ya so aiki ya rasa iko, kasala kuwa ita ce ikon yana nan amma zuciya ta ƙi tashi. A ido kamarsu ɗaya, domin dukansu kwance za ka same su. A hukunci kuwa tsakaninsu da nisa.

Birkilan da ya wuni yana ɗora bulo cikin zafin Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, da matar da ta tashi tun kafin sahur tana tuƙa tuwo, ga goyo, ga ɗebo ruwa, in suka kasa tsayuwar dare ba ragwanci ba ne. An ruwaito cewa Annabi ya shiga masallaci ya ga igiya ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu, aka gaya masa ta Zainab ce, tana riƙe ta in ta gaji da salla. Ya sa aka kwance ta, ya yi umurni mutum ya yi nafila gwargwadon kuzarinsa, in ya gaji ya zauna. Haka nan wanda mutuwar jiki ta daɗe masa makonni, ko yana cikin azumi ko ba ya ciki, yana jiri, ko yawan ƙishirwa da fitsari, ko wani baƙin ciki marar dalili da ya hana shi jin daɗin komai, to ya je likita a duba shi. Zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini da ciwon sukari duk suna zuwa da kamannin lalaci. Iyaye su kiyaye wannan kafin su riƙa kiran ɗiyansu ragwaye.

Amma mafi yawanmu ciwonmu na biyun ne, kuma mafi hatsarin reshensa shi ne jinkiri. Mai ƙin aiki ƙiri-ƙiri ya san matsayinsa, wataƙila wata rana kunya ta kama shi. Mai jinkiri kuwa hankalinsa kwance yake, domin niyyarsa tana nan, kullum yana jin kansa cikin masu aiki alhali bai ɗaga ƙafa ba.

Ku dubi abin da ya faru ga Ka'abu ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi. Mutumin Madina ne, yana cikin waɗanda suka yi mubaya'a a daren Aƙaba, ba wanda ke shakkar imaninsa. A shekara ta 9 bayan Hijira aka yi shelar fita yaƙin Tabuka, tafiyar da nisanta ya yi kusan na Yamai zuwa Maraɗi, cikin tsananin zafi, lokacin da dabino ya nuna kuma inuwa ta yi daɗi. Shi da kansa ya ba da labari cewa bai taɓa samun ƙarfi da wadata irin na wannan lokaci ba, har raƙuman hawa biyu gare shi. Bai taɓa ƙudurta ƙin fita ba. Kullum da safe sai ya fita domin ya yi shiri, ya komo bai yi komai ba, yana gaya wa kansa cewa ai abin ba wuya, duk sa'ad da ya so zai gama. Mutane suka gama shiri, shi bai fara ba. Runduna ta tashi, ya ce zai shirya cikin kwana ɗaya ko biyu ya cim musu. Waɗannan kwanakin ma suka bi sahun na baya. Da ya farga, in ya fita cikin gari ba ya ganin kowa sai wanda ake tuhuma da munafunci ko wanda Allah Ya yi wa uzuri. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ka'abu har ranar tafiyar ta wuce gorarsa ba a fafe ba.

Da Annabi ya komo, mutum 80 da ƴan kai suka zo da uzurorinsu da rantsuwa, aka karɓi zahirinsu. Ka'abu ya faɗi gaskiya, ya ce ba shi da wani uzuri. Aka hana Musulmi yin magana da shi da abokansa biyu, Murara ɗan Rabi'u da Hilal ɗan Umayya, har dare 50. Ya yi wa ɗan baffansa Abu Ƙatada sallama, bai amsa ba. Sarkin Gassan ya aiko masa da takarda yana kiransa ya zo a girmama shi, ya jefa ta cikin tanderu. Sai bayan haka karɓar tubansu ta sauka, a aya ta 118 ta Suratu Tauba. Duk wannan wuya, asalinta ba kafirci ba ne, ba tsoro ba ne, kalmar gobe ce da aka maimaita.

Shari'a ba ta bar jinkiri babu iyaka ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗalibai ke karantawa cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya yi sakaci da ramuwar azumi har wani Ramadan ya shigo, zai rama kuma ya ciyar da mudu ɗaya, mudun Annabi, a madadin kowace rana. Wata 11 aka ba shi. Mutum nawa ne cikinmu, maza da mata, suka shiga wannan wata da bashin bara?

To, ina kuzarin yake tafiya? Mu faɗa wa juna gaskiya, a cikin dare yake zubewa. A sha ruwa a cika ciki da ƙanƙara da soye-soye har numfashi ya yi wuya, a je tarawihi ana layi, daga nan samari su zauna a fada, ana dafa shayi na ɗaya da na biyu da na uku, ido kan waya, har mai ganga ya fito tayar da mutane sahur. Sai a yi asuba a kwanta, wani sai azahar, wani ma sai la'asar. Ba na hana fada, zumunci ne, kuma sau da yawa su ne masu tsaron unguwa. Amma wanda ya kashe darensa haka, kada ya ɗora wa azumi laifi. A cikin Ramadan aka yi Badar, ranar 17 ga wata, shekara ta 2, a cikinsa kuma aka buɗe Makka, shekara ta 8.

Safiya ita ce jarin da muke zubarwa. Annabi ya roƙa wa al'ummarsa albarka cikin sammakonta, kuma sahabin da ya ruwaito wannan, Sahru Algamidi, ɗan kasuwa ne, ya riƙa tura hajarsa da farkon yini har ya yi arziki mai yawa. Da sanyin safiya ake kama fara. A garin da rana ke fara cizo tun hantsi, mai son karatu ko ɗinki ko zuwa Katako sarin kaya ya yi shi tsakanin asuba da walaha, ya bar barcinsa zuwa ƙailula.

Sa'an nan a rage girman loma. Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8. Mai son sauka cikin wata yana bukatar sumuni 16 a yini: 3 bayan kowace salla, ya ƙara 1 kafin ya kwanta. Wanda goman farko ta riga ta kuɓuce masa, kada ya zauna yana lissafin yadda zai rama izu 20 a dare ɗaya, wannan lissafin shi kansa wata ƙofa ce ta jinkiri. Ya buɗe inda ya tsaya, bayan sallar da ke gabansa, tun bai tashi daga sahu ba. Mai bashin kuɗi ya kai wa mai shi ko jika guda ce kafin a sha ruwa. Wanda ke gaba da ɗan'uwansa ya daina jiran ranar Salla, ya taka ƙofarsa yau.

Wata ƴar'uwa ta tambaya ko mai shayarwa da azumi ke galabaitarwa tana iya ajiye shi. Wannan babi ne mai tsawo, a kansa za mu zauna a darasi na gaba in Allah Ya kai mu. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.