Christian de Duve da Jakar Narkarwa ta Cikin Ƙwayar Halitta

Sanin kowa ne cewa jikin ɗan Adam da na dabba an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, waɗanda ido ba ya iya gani. Daga cikin masanan da suka bayyana abin da ke cikin ƙwayar akwai Christian de Duve, mutumin Beljiyam. An haife shi a Ingila a 1917, ya kuma sami digirin likita a Jami'ar Louvain a 1941.

Tun farko burinsa shi ne ya gano yadda sinadarin insulin yake aiki a hanta, domin a taimaki masu ciwon sukari. Dabararsa kuwa ita ce a niƙa hantar ɓera, a zuba a injin da ke wulwulawa da sauri, har sassan ƙwayar su rabu gwargwadon nauyinsu. A 1949, shi da abokan aikinsa suka auna ƙarfin wani sinadari mai narkar da abubuwa, suka tarar ya yi ƙasa ƙwarai da yadda suka zata. Da suka ajiye niƙan a firiji kwana biyar, suka sake aunawa, sai ga ƙarfin ya hau.

Wani da ya ɗauka kuskuren awo ne, ya wuce. Shi kuwa sai ya ajiye batun insulin, ya bi wannan sawu. Ya fahimci cewa sinadarin yana ƙunshe ne cikin wata 'yar jaka mai fata, wadda ta fashe sannu a hankali. A 1955 ya raɗa mata suna laisosom. Aikinta shi ne narkar da ƙwayoyin cuta da tsofaffin sassan ƙwayar, fatar kuma ita ke hana sinadaran cinye ƙwayar kanta.

Amfanin binciken bai daɗe ba ya bayyana. A 1963 abokin aikinsa, Henri-Géry Hers, ya nuna cewa cutar Pompe, wadda ke kashe jarirai, tana faruwa ne saboda rashin sinadari guda cikin wannan jaka. A 1974 aka ba de Duve lambar Nobel tare da Albert Claude da George Palade. A ƙarshen rayuwarsa ya mai da hankali ga nazarin asalin rai, ya rasu a 2013.

Darasin da ke nan ga ɗalibi da ma'aikaci shi ne, sakamakon da ya saɓa wa zato ba abin jefarwa ba ne, abin bincike ne.