Sabon likita, tsohon ciwo: kada ki bar rabin labarin a gida

Ma'aikatan lafiya ba sa dawwama wuri guda. Yau an canja majon CSI ɗinku, gobe ke ce aure ko neman abinci ya kai wani gari. Sabon likita zai tambaye ki: "Wane ciwo kika taɓa yi?" Nan mace za ta lissafa hawan jini, ɓari, tiyatar haihuwa, amma ta tsallake watannin da ta yi ba barci, ba cin abinci, sai kuka, ko lokacin da aka kai ta Pavillon E a babban asibitin Yamai.

Dalilin shirun ba ɓoyayye ba ne. Ana tsoron a ce "ai ta taɓa hauka", maganar ta kai kunnen kishiya ko uwar miji, ta ɓata wa ƴaƴa mata aure. Amma ciwon damuwa ba baƙo ba ne a gidajenmu. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 tana fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa.

To me ya sa likita yake bukatar sani? Saboda magunguna suna karo da juna. Tegretol, da ake bayarwa don farfaɗiya da wasu cututtukan ƙwaƙwalwa, yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar hannu, sai ciki ya shiga ba shiri. Depakine na iya nakasa jariri tun yana ciki, don haka mai shan sa ta yi magana kafin ta ɗauki ciki. Tramol kuwa, in ya haɗu da maganin damuwa irin su amitriptyline, yana iya kawo jijjiga. Wadda hankalinta ya taɓa gushewa bayan wata haihuwa tana cikin haɗarin ya sake dawowa a ta gaba. In ungozoma ta sani tun wurin awo, za a sa mata ido daga ranar da ta sauka.

Ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki tafi da tsohon karne, ordonansi ko kwalin maganin, ko da fanko ne. Ki faɗi yaushe abin ya fara, me aka ba ki, ko kina sha har yanzu. In kin yi rubutu, ruƙiyya ko jiƙon saiwa, shi ma ki faɗa, musamman abin da ya shiga ciki. Kuma kada ki yanke magani rana ɗaya don kin ji sauƙi ko don kin ga ciki, sai da shawarar likita.

In ƴar rakiya tana zaune, kina da damar cewa: "Likita, akwai maganar da nake so mu yi ni da kai." Rufe asirin mara lafiya wajibi ne a kansa, aikinsa ne ya ɗora masa.

Mu ma a taron asusu akwai namu. In ƴar uwa ta buɗe mana cikinta, maganar ta tsaya a kan tabarmar. In tana jin nauyi, ɗaya ta raka ta, ta jira a waje. Wadda kuma tunanin kashe kanta yake zo mata, a kai ta likita ranar nan, kada a jira ranar kasuwa.