Wa ya cancanci zama a hukumar kifi da namun daji? Rigimar da ta raba kawuna a jahohin Amurka

A watan Nuwamba na 2021, mambobin hukumar kula da kifi da namun daji ta jahar Washington, a arewa maso yammacin Amurka, sun zauna don yanke shawara kan farautar baƙin beyar a farkon shekara, lokacin da dabbar ke fitowa daga dogon barcinta na hunturu. Kujerun hukumar tara ne, amma ɗaya babu kowa a kanta. Da aka kaɗa ƙuri'a, huɗu suka amince, huɗu suka ƙi. Hakan ya sa aka dakatar da farautar. Bayan shekara guda aka sake zama, biyar suka rinjayi huɗu, aka rufe wannan farauta ta nishaɗi.

Masana na ma'aikatar sun ce yawan beyar ɗin zai iya ɗaukar farautar. Masu adawa kuma suka ce a wannan lokaci ne mata ke shayar da ƴaƴansu, kuma idan aka harbe uwa, ƴaƴan yunwa za ta kashe su. Mafarauta sun fusata, ƙungiyoyin kare dabbobi sun yi murna, kuma tun daga nan gardamar ta koma kan mutanen da ke zaune a kujerun: su wane ne, kuma wa ya ba su?

Ikon da ke hannun mutum tara

A dokar Amurka, namun daji amana ce da kowace jaha ke riƙe wa dukan al'ummarta. Yawancin jahohin sun damƙa wannan amana ga hukuma ta ƴan ƙasa waɗanda gwamna ke naɗawa. Su ne ke tsayar da ranar buɗe farauta da ta rufewa, da yawan dabba ko kifin da mai lasisi zai iya ɗauka, da kuma dabbobin da za a sa a jerin masu fuskantar ɓacewa.

A Washington, gwamna ne ke naɗa mambobin na tsawon shekara shida, majalisar dattawan jaha ta tabbatar da su. Uku suna fitowa daga gabashin tsaunukan Cascade, yankin noma da kiwo, uku daga yamma inda birnin Seattle yake, sauran ukun kuma daga ko'ina a jahar. Tun zaɓen raba gardama na 1995, hukumar ce ke ɗaukar daraktan ma'aikata, ita ce kuma ke iya sallamar sa.

Mafarauta: da kuɗinmu ake aikin

Hujjar mafarauta da masu kamun kifi ta kuɗi ce, kuma tana da tarihi. A 1937 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar Pittman-Robertson, wadda ke karkata harajin bindigogi da harsasai zuwa ma'aikatun namun daji na jahohi. Harajin kashi 11 cikin 100 ne a kan dogayen bindigogi da harsasai, kashi 10 a kan ƙananan bindigogi. A 1950 aka yi makamanciyarta, Dingell-Johnson, a kan kayan kamun kifi. Idan aka haɗa da kuɗin lasisi, wannan shi ne babban abin da ma'aikatun da dama ke dogaro da shi. Da shi aka farfaɗo da bareyi da talo-talon daji waɗanda suka kusa ƙarewa a farkon ƙarni na 20.

Saboda haka suke ganin wanda bai taɓa kwana a daji ko jefa ƙugiya a ruwa ba bai kamata ya yanke hukunci a kan sana'ar da bai sani ba.

Ɗaya ɓangaren: amanar ta kowa ce

Masu neman sauyi kuma da alƙaluma suke magana. Ƙidayar da hukumar tarayya ta yi a 2022 ta nuna mutum miliyan 14.4 ne suka yi farauta, kimanin kashi 6 cikin 100 na masu shekara 16 zuwa sama. Masu kamun kifi sun kusa miliyan 40, masu kallon tsuntsaye da namun daji kuwa miliyan 148. Suna kuma tunatar da cewa da yawa daga masu sayen bindiga ba don farauta suke saye ba, amma suna biyan harajin. A ganinsu, hukumar da mafarauta suka mamaye za ta fi damuwa da dabbar da ake ci, ta manta da kwaɗi, jemagu da ƙananan tsuntsaye.

Akwai wasu ɓangarori biyu da ba za a iya tsallakewa ba. Na farko makiyaya, domin shanunsu da tumakinsu ne kyarkeci ke kamawa. A watan Yuli na 2024, ma'aikatan Washington sun ba da shawarar a sassauta kariyar kyarkeci saboda yawansa ya ƙaru, amma hukumar ta ƙi, biyar da huɗu. Na biyu ƙabilun asalin ƙasar. Hukuncin alƙali George Boldt na 1974 ya tabbatar wa ƙabilun da suka yi yarjejeniya da gwamnati rabin kifin salmon da ake iya kamawa, ya kuma sa suka zama abokan tafiyar da harkar kifi tare da jaha. Shugabanninsu kan nanata cewa su gwamnatoci ne masu cin gashin kansu, bai kamata a ɗauke su tamkar wata ƙungiyar masu ƙorafi ba.

Yadda wasu jahohi suka raba kujeru

Colorado ta rubuta rabon a doka. Cikin mambobi 11 masu ƙuri'a, uku mafarauta ne ko masu kamun kifi, uku manoma da makiyaya, uku masu yawon shaƙatawa a daji, biyu kuma daga sauran jama'a. Duk da haka rabon bai hana jama'a tsallake hukumar ba. A 2020 masu zaɓe suka amince da ƙyar a dawo da kyarkeci jahar, aka saki guda 10 da aka kwaso daga Oregon a watan Disamba na 2023. A 2024 kuma suka yi watsi da shawarar hana farautar zakin dutse.

Missouri ta bi wata hanya tun 1936: mambobi huɗu kawai, kuma ba a yarda fiye da biyu su fito daga jam'iyya ɗaya ba. A 1976 masu zaɓe suka ware wa ma'aikatar wani ɗan kaso na harajin saye da sayarwa, kashi ɗaya bisa takwas na kashi 1 cikin 100. Tunda kowane mai sayayya na biya, hujjar cewa mafarauta kaɗai ke ɗaukar nauyi ba ta da ƙarfi a can.

New Mexico kuwa a 2025 ta yi sabuwar doka da ta ware kujeru ga manomi ko makiyayi, da mafarauci, da mai fafutukar kare muhalli, da masanin kimiyya, tare da kwamitin da zai tace sunaye kafin su kai ga gwamna. Gwamna Michelle Lujan Grisham ta sa hannu, amma ta soke sashen da ya shafi yadda ake tsige mamba.

Inda aka kwana a Washington

A ƙarshen 2024, cibiyar Ruckelshaus, wadda majalisar jahar ta ba aikin bincike, ta fitar da rahoto cewa da yawa daga waɗanda ta zanta da su na ganin hukumar ta gaza aiki yadda ya kamata. Ta ce ko dai a gyara ta, ko a mai da ma'aikatar ƙarƙashin gwamna kai tsaye.

Gwamna Bob Ferguson, wanda ya hau mulki a watan Janairu na 2025, ya janye naɗe-naɗe biyu da magabacinsa Jay Inslee ya yi dab da saukarsa, ciki har da na Tim Ragen, masanin dabbobin teku. A watan Afrilu ya maido da Molly Linville, mai kiwon shanu a gabashin jahar, da Jim Anderson, wanda ya taɓa jagorantar hukumar kamun kifi ta ƙabilun yankin, ya kuma naɗa sabon mamba, Victor Garcia. Ƙungiyoyin mafarauta sun yaba, masu kare dabbobi sun nuna takaici kan cire Ragen.

Manyan shawarwarin hukumar na baya-bayan nan, na beyar da na kyarkeci, da ƙuri'a ɗaya aka yanke su. Shi ya sa duk lokacin da wa'adin mambobi uku ya cika, wato kowace shekara biyu, kowane ɓangare ke zuba ido kan sunayen da gwamna zai aika majalisa.