Tsarin Wurin Aiki a Gida da Lafiyar Jikin Malami

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu jawo hankalin 'yan'uwa malamai ga wani al'amari da ba a cika kula da shi ba, wato wurin da malami yake zama a gida ya duba takardun jarrabawa ko ya shirya darasi. Galibi wurin nan ba ya wuce teburin cin abinci, ko bakin gado, ko tabarma. Idan ciwon wuya da na ƙugu suka kama mutum, sai ya ɗora laifin a kan shekaru, alhali kuwa sau da yawa daga zaman ne.

Matsalar daɗaɗɗiya ce. Tun a shekarar 1713 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya yi bayanin cututtukan magatakarda, ya kuma danganta su da yawan zama da maimaita motsin hannu iri ɗaya. Daga shekarun 1960, Alf Nachemson na ƙasar Suwidin ya auna nauyin da ke sauka a kan faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya, ya sami cewa zama ba jingina ya fi tsayuwa danne su. Wani awo da aka buga a 1999 daga Jamus bai goyi bayansa a kan wannan ba, amma dukkansu sun haɗu a kan abu guda: sunkuyawa gaba a zaune tana ƙara nauyin ƙwarai. Sunkuyawar nan kuwa ita ce zaman mai duba takardu.

Saboda haka, a ganinmu, daga kujera ya kamata a fara gyara. Mutum ya zauna tafin ƙafarsa duka a ƙasa, cinyoyinsa a shimfiɗe, ƙugunsa a jingine, ko da da ƙaramin matashi ne. Sannan a auna tebur da gwiwar hannu: idan ya saki kafaɗunsa ya lanƙwasa hannu, saman tebur ya zo daidai da ita. Teburin da ya yi tsawo yakan sa a ɗage kafaɗu, wanda ya yi gajarta kuma ya tilasta sunkuyawa. A nan muna da gatan da mai sayen kayan kamfani ba shi da shi, domin kafinta zai yi tebur bisa awon mai shi. Wanda ya riga ya mallaki dogon tebur sai ya ƙara wa kujera tudu, ya sa wa ƙafafunsa mataki.

Ƙaramar kwamfuta ta cinya ta zo da tata matsalar, domin fuskarta da madannanta a haɗe suke. In an ajiye ta inda hannu zai sake, wuya ya wahala, kan mutum kuwa yakan kai kilo 5. Mafita ita ce a ɗora ta a kan littattafai har bakin fuskarta na sama ya zo daidai da ido, nisan tsawon hannu, a sayi madannai na dabam. Taga kuma ta kasance a gefe, kada haske ya riƙa dukan ido ko fuskar na'urar.

Sai dai ko da kujera ta yi daidai, jiki ba ya jure zama iri ɗaya na tsawon lokaci. Malamin da ke da takardu 200 a gabansa gara ya raba su kashi-kashi, ya riƙa miƙewa yana ɗan takawa bayan kowane rabin sa'a. Ciwon da yake sauka zuwa ƙafa, ko yake zuwa da sagewar yatsu, wannan ya wuce gyaran tebur, sai a ga likita.