Kuka da bege a majami'un Kakau

Matafiyin da ya fita daga Kaduna ta Gonin Gora ya nufi Abuja ba zai ga wani abin da ya bambanta Kakau da sauran garuruwan bakin titi na ƙaramar hukumar Chikun ba: gonaki, rumfunan kasuwa, majami'u da masallatai. Amma sau biyu cikin shekara biyu sunan garin ya zaga duniya, kuma duk a kan makoki.

A daren 8 ga Janairun 2020 'yan bindiga suka kutsa makarantar horar da limaman Katolika ta Good Shepherd, suka tafi da ɗalibai huɗu. Uku sun dawo da rai. Na huɗun, Michael Nnadi, ɗan shekara 18 daga dayosis ɗin Sakkwato, gawarsa aka tsinta. Maraya ne, yana da ɗan'uwan tagwaitaka, kuma ko shekara bai cika a makarantar ba. Ranar 11 ga Fabrairu aka yi jana'izarsa a harabar makarantar.

Wa'azin da Bishop Matthew Hassan Kukah ya yi a ranar shi ya fi nuna yadda ta'aziyyar Kirista take a irin wannan wuri. Bai lallashi kowa da cewa babu komai ba. Ya caccaki gwamnatin Muhammadu Buhari kan rashin tsaro da fifita wani ɓangare, har maganar ta tayar da ƙura a jaridu. A cikin wa'azin nan kuma ya hana mabiya ɗaukar fansa ko riƙe gaba a zuci. Wasu na ganin abubuwan biyu ba sa haɗuwa. A koyarwar ikilisiya kuwa tare suke tafiya, domin littafin Zabura cike yake da addu'o'in masu kai ƙara gaban Allah, Ayuba ya yi ta tuhuma cikin ciwonsa, Yesu da kansa ya zubar da hawaye a kabarin Li'azaru alhali ya san zai tashe shi. Don haka kukan mai makoki ba a ɗaukarsa a matsayin raunin bangaskiya.

Tushen dangana kuwa shi ne tashin matattu. Kirista ya gaskata cewa Almasihu ya mutu ya tashi, kuma nasa za su bi sawunsa, shi ya sa a sanarwar mutuwa za ka ji an ce wane ya yi barci cikin Ubangiji. Gajartar rai ma ba a ɓoye ta. Kowace shekara, ranar Larabar Toka, fada kan shafa wa mabiya toka a goshi don tuna musu daga ƙasa suka fito, can za su koma. A 2020 ranar ta faɗo 26 ga Fabrairu, mako biyu bayan binne Michael, bishop-bishop na Najeriya suka umarci Katolika su zo cikin baƙaƙen kaya. Ranar 1 ga Maris su kansu suka yi tattaki a Abuja sanye da baƙi.

Sai dai akida kaɗai ba ta dafa wa gidan makoki abinci. Wannan aikin 'yan Zumuntar Mata ne, su da za ka gane da zanensu iri ɗaya. Su ke ɗebo ruwa, su ɗora tukunya, su kwana da matar mamaci. Daren jajibirin jana'iza ƙungiyar mawaƙa kan raya shi da waƙoƙi, galibi da Hausa, tunda ita ce ke haɗa Gbagyi 'yan ƙasa da Bajju da Atyap da sauran waɗanda zama ya kawo. Gaisuwar ma ta kowa ce: sannu da haƙuri, Allah ya ta'azantar. Maƙwabci Musulmi in ya shigo ba ya buƙatar tafinta.

Jarrabawa ta biyu ta fi tsawo. Ranar Lahadi 31 ga Oktoban 2021 mahara suka afka wa majami'ar Emmanuel Baptist da ke Kakau Daji ana tsakiyar sujada, suka yi kisa, suka kora masu ibada sama da 60 cikin daji. A lokacin gwamnatin jihar ta sa an katse layukan waya a wasu yankuna, don haka jin labarin waɗanda aka kama ya yi wuya. Ga iyalansu, wannan makoki ne marar gawa: ba a san wa za a yi wa kuka ba, wa za a jira. Daga baya labari ya zo cewa an harbe wasu a hannun maharan. Rabaran Joseph Hayab, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a jihar a lokacin, shi ya riƙa shaida wa manema labarai halin da ake ciki, iyalai kuma suka dukufa ga azumi da addu'a. Sai a farkon Disamba, bayan fiye da wata guda, aka sako mafi yawansu.