Jiragen Yaƙin da Suka Taso Daga Teku Suka Sauka Kano



Mu 'yan Boɗinga mun saba ganin jirgin sama, musamman lokacin jigilar alhazai, tunda filin jirgin Sultan Abubakar III ba shi da nisa da mu. Amma ranar da na ce akwai jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen sama a bayansa, 'yan ajinmu dariya suka yi mini. To, yau ga bayani.

Wannan jirgin ruwa samansa a shimfiɗe yake kamar filin ƙwallo mai tsawo. Ana ajiye jiragen yaƙi a cikinsa, a riƙa hawo da su sama da na'ura. Idan za su tashi, sai jirgin ruwan ya fuskanci iska ya ƙara gudu, domin iskar ta taimaka musu. Wajen sauka kuma, akwai ƙugiya a wutsiyar jirgin saman da ke kama igiyar ƙarfe ta tsayar da shi.

Ina ruwanmu da wannan, mu da ba mu da teku? A watan Yuni na 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Italiya ta goyi bayan Hitila. Sai hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari ga Ingila, alhali sojojinta da ke Masar suna buƙatar jirage. Zagayawa ta Afirka ta Kudu kuwa tafiyar makonni ce. Shi ya sa aka buɗe hanyar sama daga Takoradi, a ƙasar Gana ta yau, zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Sudan, har Masar.

A watan Nuwamba na 1940, jirgin ruwan Ingila mai suna Furious ya kawo jiragen Hurricane na runduna ta 73 gaɓar Takoradi. Waɗannan jirage ba su da ƙugiya, don haka wanda ya tashi ba shi da damar komawa. Suna tafiya ayari-ayari kamar fatake, jirgi mai inji biyu da ake kira Blenheim yana gaba a matsayin madugu, domin shi ne ke da mai duba taswira. Tafiyar takan ci kamar kwana shida. Ƙurar hunturu, wadda muka sani sarai, takan rufe ƙasa har matuƙi ya kasa ganin hanya, kuma akwai waɗanda suka faɗi a daji.

Amurka ma ta bi sahu. A watan Mayu na 1942, jirgin ruwanta Ranger ya saki jirage 68 samfurin P-40 a kusa da Ankara, babban birnin Gana. Kafin a rufe hanyar, jirage sama da 5,000 sun ratsa Afirka ta nan. Duk wannan ya faru ne a zamanin Sarkin Musulmi Abubakar III, wanda ya hau mulki a 1938.

Don Allah, wanda yake da kaka ko tsoho mai labarin yaƙin Hitila, ya rubuto ya kawo wa ƙungiyar 'yan jarida tun suna raye. Za mu liƙa shi a wannan allo, in sha Allahu.

Daga ɗan uwanku na aji biyu, ƙaramar sakandare.