Wayar salula na sa ido kan amyar zuma a sanyin Kanada da Amurka

A Kanada da arewacin Amurka, mai kiwon zuma kan yi watanni bai buɗe amyarsa ba. Sanyin can ba irin hunturunmu ba ne, ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da sifili na tsawon makonni. Ɗaga murfin amya a irin wannan yanayi yana fitar da ɗumin da ƙudan suka sha wahalar tarawa. Shi ya sa da yawa sai bazara suke gane cewa amya ta mutu tun watan Janairu.

Ƙudan zuma ba sa barci a lokacin sanyi. Dunƙulewa suke yi wuri guda, sarauniya a tsakiya, suna karkaɗa tsokar fukafukansu don samar da zafi, kuma zumar da suka adana ita ce makamashinsu. A wurare masu tsananin sanyi, amya ɗaya kan buƙaci kilo 30 zuwa 40 kafin furanni su dawo.

Nan ne ƙananan na'urori suka shigo. Kamfanoni irin su BroodMinder na Amurka suna ƙera siririyar na'urar auna zafi da danshi da ake ɗorawa a saman saƙa, da sikelin da ake sakawa ƙarƙashin amya. Bayanan na shiga manhajar waya ta Bluetooth, sai dai dole ka matso kusa. Wanda amyoyinsa ke nesa sai ya ƙara akwatin da ke tura bayanan ta intanet.

Sikelin ne ya fi amfani a ganina. Nauyi na raguwa a hankali, alamar suna ci kuma suna raye. Ya yi ƙasa sosai, sai a gaggauta sa musu dunƙulen sukari kafin yunwa ta gama da su. Shi kuma zafi, idan ya hau ya tsaya kusan digiri 35, sarauniya ta fara ƙwai ke nan, kuma daga nan cin zuma zai ƙaru. Idan zafin ciki ya koma daidai da na waje kwana da kwanaki, to labari ba daɗi. Danshi ma abin tsoro ne: tururin numfashinsu kan taru a murfi ya ɗigo musu, kuma jiƙaƙƙen ƙuda ba ya jure sanyi.

Amma kada a ɗauka na'urar ta san komai. Ƙudan na iya matsawa nesa da ita, sai waya ta nuna sanyi alhali suna lafiya. Sanyi na cin batir, su kuma ƙudan kan shafe duk baƙon abu da ƙaro. Ba ta kuma ƙirga Varroa, ƙwaron da ke maƙale musu yana yaɗa cuta, wanda yana cikin manyan masu kashe amyoyi a can. Wannan gwajin har yanzu da hannu ake yin sa, tun kafin sanyi ya kama.